Fitila ɗaya da farar laima: yadda ɗan yayata ya sauke filas daga kan kyamara

Wata ranar Talata cikin watan Nuwamba, bayan azahar, ɗan yayata ya shigo shagona da albam a hammata, ya zauna a benci bai ce uffan ba. Shekara uku ya yi a hannuna yana koyon aikin situdiyo, sannan ya fita ya kama ɗaukar hoton biki da kansa, shekara biyu ke nan. Da na tambaye shi ko lafiya, sai ya miƙo min albam ɗin ya ce, "Kawu, mahaifiyar amarya ce ta dawo da shi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce a mayar mata da kuɗinta ba. Cewa kawai ta yi wannan ba fuskar 'yarta ba ce."

Na buɗe, na ga Hajiya ta fi mu gaskiya. Fuskar amarya ta yi toka-toka kamar an barbaɗa mata gari, goshi da karan hanci suna ƙyalli, wuyanta ya fi fuskar duhu nesa ba kusa ba. A bayan kanta ga wata baƙar inuwa manne da bango, ƙawayen da ke layin baya kuwa duhu ya haɗiye su. Wasu hotunan ma cike suke da fararen ɗige-ɗige kamar ana yayyafi. Abin ya taɓa ni sosai, domin hoton aure ba a sake shi. Yarinya ta yi wata da watanni tana shirin wannan rana, abin da zai rage a hannunta har jikoki shi ne wannan takarda.

Mako shida suka rage masa kafin wani aiki da ya riga ya karɓa, kamu a wani gida cikin birnin Kano. Abin da muka yi a wannan tsakani, da abin da ya faru ranar kamun, shi na rubuta a nan.

Inda ɓarnar ta fito

Da farko ya ɗora laifin a kan kyamara, yana maganar sayar da ita ya ƙara kuɗi ya sayi babba. Canon 600D ce, wadda ta fito tun 2011, mai megafiksil 18. Na ce masa ya bar ta, ba ta da laifi. Na ɗauke ta a wurin, na zaunar da shi a bakin ƙofar shago inda hasken waje ke shigowa ta gefe, na ɗauke shi hoto ba filas. Fuskarsa ta fito cif, da launinta, da kumatu da haɓa kowanne a inda Allah ya ajiye shi. Kyamara ɗaya, gilashi ɗaya, wato idon kyamarar. Bambancin kawai inda hasken ya fito.

Filas ɗin da ke zaune a kan kyamara yana harba haske ne daga kusan inda gilashi yake kallo. Duk inuwar da za ta nuna tudu da kwarin fuska sai ta faɗa bayan mutum, inda kyamara ba ta gani, fuska ta zama shafaffiya kamar faranti. Wannan kowa yana fama da shi, amma baƙar fata ta fi shan wahala, kuma dalilin yana da muhimmanci. Yawancin kyan da ido ke gani a baƙar fata sheƙinta ne, wato hoton fitilar da kanta ke dawowa daga fatar kamar yadda yake dawowa daga tulun da aka goge. Idan fitilar ƙarama ce, kamar bakin filas da bai kai tafin hannu ba, sheƙin zai taru wuri ɗaya ya zama farin tabo a goshi. Idan fitilar mai faɗi ce kuma tana kusa, sheƙin zai bazu a hankali daga kunci zuwa kunci, fatar ta fito da santsinta. Ba yau aka fara barin fatarmu a baya a wannan sana'a ba. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, katin Shirley, da shi aka riƙa auna ko launi ya yi daidai. Kyamarorin yanzu sun wuce wannan, amma har gobe mai hoton da ya bar wa inji hukunci a kan baƙar fuska kusa da farar shadda zai ga ba daidai ba.

Tokar da ta rufe fuskar amarya kuma daga kwalliya ta zo. Akwai hodar da masu kwalliya ke shafawa a ƙarshe don ta riƙe sauran, mai sinadarin silika. A ido ba a ganinta, amma idan haske mai ƙarfi ya doke ta kai-tsaye sai ta mayar da shi fari fat cikin gilashi. Shi ya sa fuska ta yi fari wuya ya tsaya a yadda yake. Ɗige-ɗigen nan ƙurar hunturu ce da ke yawo dab da gilashi, filas ya haske ta kafin ya isa ga mutane.

Ya ce ai ya ji ana juya kan filas sama a bugi silin, haske ya dawo a tausashe. Haka ne, a ɗaki mai farin silin maras tsayi dabara ce mai kyau. Amma a tsakar gida wane silin za ka buga? A ƙarƙashin rumfar haya mai ja da kore kuwa, launin tamfol ɗin ne zai sauko a kan fuskokin mutane.

Abin da ya saya

Ba mu kashe kuɗi da yawa ba, kuma da gangan ne. Ya sayi filas ɗaya, Godox TT600, wanda ba ya lissafin komai da kansa, kai ne za ka gaya masa ƙarfin da zai buga, daga cikakke 1/1 har zuwa 1/128. Ya sayi tiriga X2T ta Canon, 'yar na'urar da ke hawa kan kyamara ta aika wa filas umarni ta iska a zangon 2.4GHz. Sai sitan mai ƙafa uku, da maƙalin da ke riƙe filas da laima tare, da farar laima irin wadda haske ke ratsawa. Batir kuwa na ce kada ya kuskura ya dogara da na kan tebur. Ya sayi masu caji guda takwas, huɗu a ciki huɗu a aljihu, domin su suka fi saurin cika filas bayan kowane bugu.

Na dage a kan filas maras atomatik saboda mai koyo yana bukatar abin da ba ya canza ra'ayi. Idan ka sa shi a 1/8, zai buga 1/8 ko amarya ta sa fari ko ta sa baƙi. Hoto ya yi duhu, ka san kai ne za ka gyara, ka kuma san abin da za ka taɓa.

Gargaɗi ɗaya ga mai shirin saye: wasu ƙananan kyamarorin Canon, irin 4000D da 250D, an yi su ba tare da fil ɗin tsakiya a mazaunin filas ba, wato ɗan ƙarfen da ke kai umarnin bugu, kuma tiriga da yawa da wannan fil ɗin suke aiki. Ka tafi da kyamararka kasuwa, a gwada a gabanka kafin ka biya.

Kwana goma a tsakar gidan yayata

Kullum bayan la'asar nakan rufe shago mu tafi gidansu. Ƙanwarsa, wadda ta gama sakandare tana zaman jiran sakamako, ita muka riƙa zaunarwa a kujera. Daga baya ta zama mai riƙe fitila, kuma za a ga amfanin hakan.

Abu na farko da na so ya zauna masa a kai shi ne, hoton da aka ɗauka da filas hoto biyu ne a cikin ɗaya. Akwai hasken wurin, na rana ko na ƙwai, akwai kuma hasken filas. Filas walƙiya ce, tana zuwa ta wuce cikin ƙasa da ƙiftawar ido, saboda haka daɗewar shota a buɗe, wato lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, ba ta ƙara mata komai ba ta rage mata komai. Shota hasken wuri kaɗai take juyawa. Ƙarfin filas da nisansa su ke juya hasken da ke kan mutum. Ƙofar gilashi kuwa, wadda ake nuna faɗinta da lamba irin f/4, da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, suna taɓa duka biyun. Na sa shi ya ɗauki ƙanwarsa sau huɗu bai taɓa komai ba sai shota: 1/200 na daƙiƙa, 1/100, 1/50, 1/25. Fuskarta ta tsaya kusan yadda take, bangon da bishiyar darbejiyar da ke bayanta ne suka riƙa fitowa daga duhu mataki-mataki. Ya daɗe yana kallon hotunan nan huɗu.

Na kuma nuna masa iyakar da ba a tsallakewa. Da tsohuwar tirigar shagona mai fil ɗaya na sa shi ya kai shota 1/500, sai ga baƙin zane ya cinye wani yanki na hoton. Shota labule biyu ce, ɗaya ya buɗe ɗaya ya biyo ya rufe. Har zuwa 1/200 a kyamararsa akwai lokacin da na farko ya gama buɗewa na biyu bai taso ba, a nan filas ke bugawa. Da an wuce haka, na biyun ya riga ya fara rufewa kafin na farko ya kai ƙarshe, filas ya tarar da ƙofa a rabi. Akwai dabarar da sababbin kaya ke bi su kauce wa wannan, filas ya riƙa ɓarin ƙananan walƙiyoyi a jere, amma tana cin ƙarfi sosai, na ce ya bar ta sai nan gaba.

Inda muka fi daɗewa shi ne nisa, domin nan ne ido ke yaudarar mutum. Idan ka ninka nisan fitila, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Mita ɗaya zuwa mita biyu, ka yi asarar kashi uku cikin huɗu. Wannan shi ya bayyana masa abin da ya sami ƙawayen da ke layin baya a albam ɗin da aka dawo da shi: amarya tana mita ɗaya da rabi daga filas, su suna mita uku, rabonsu rubu'in abin da ta samu. Maganin kuma yana cikin lissafin. Ka ja fitila baya zuwa mita huɗu daga layin gaba, layin baya yana mita biyar, sai na bayan su sami kusan kashi biyu cikin uku na hasken na gaba, bambancin da ido zai yafe. Mutum ɗaya, kawo fitila kusa don taushi. Taro, ja ta baya don adalci, ka ƙara ƙarfi.

Shi da kansa ya kawo dabarar igiya. Ya ɗaura siririyar igiya a jikin sitan, ya yi mata ƙulli a mita ɗaya da rabi, ya rubuta a takarda ya manna bayan filas: ƙulli, ISO 200, f/4, ƙarfi 1/8. Ƙanwarsa ta ja igiyar zuwa kafaɗar wanda za a ɗauka, ta saki, an gama awo. Ban taɓa yin haka ba a shekaruna na situdiyo, inda fitilu ke zaune wuri ɗaya, kuma na yaba masa.

Wajen ajiye fitila ban cika shi da ƙa'idoji ba. Gefe ɗaya, kamar rabin hanya tsakanin gaban mutum da kunnensa, sama da kai kaɗan tana kallon ƙasa. Ya duba inuwar hanci: idan ta miƙe ta ratsa kunci fitila ta yi gefe da yawa, idan idanu sun yi rami ta yi sama da yawa, idan inuwar ta haura sama to fitila ta yi ƙasa, kuma wannan ba ya yi wa kowa kyau. Ya nemi ɗan farin ɗigon laima a cikin ƙwayar ido, shi ke sa ido ya yi rai.

Ranar kamu

Asabar ce a ƙarshen Disamba, hunturu ya kankama, sama ta yi fari da ƙura. Ni ban shiga ba, ba aikina ba ne, kuma taron mata ne. Na zauna a zaure da dattawan gidan, yana fitowa lokaci-lokaci yana nuna min bayan kyamara. Sauran labarin daga bakinsa da na ƙanwarsa na haɗa shi, da kuma hotunan da kansu, waɗanda ke ɗauke da lokaci da saitin kowane bugu.

Sun isa ƙarfe huɗu, kafin mutane su cika. Ya zaga tsakar gidan ya zaɓi wani lungu mai inuwa, inda aka shimfiɗa darduma aka jera tum-tum, bangon kuma ruwan ƙasa ne maras ƙyalli. Ya fara da abin da muka saba: filas a kashe, ya auna hasken wurin, ya rage shi kaɗan yadda bango zai ɗan yi duhu ba tare da ya ɓace ba. Ya tsaya a ISO 200, f/4, 1/200. Sannan ya kunna filas a 1/8, aka ja igiya.

Matsala ta farko iska ce. Laima a buɗe a tsakar gida lokacin hunturu tamkar filafilan jirgi take, ko minti biyar ba a yi ba sitan ya tafi zai kifa kan wata tsohuwa, Allah ya sa ƙanwarsa ta cafe. Ya aika yaro ya sayo ledar fiya-wata guda, mai ƙulli ashirin na rabin lita, kilo goma ke nan, suka rataye ta a gindin sitan. Duk da haka yarinyar ba ta sake sakin ƙarfen ba har aka tashi.

Ta biyu ta fi ɗaure masa kai. Filas ya riƙa bugawa shi kaɗai, ba tare da ya danna komai ba, idan kuma ya zo dannawa sai ya tarar bai gama cika ba, hoto ya fito duhu. Ya fito zaure a ruɗe yana cewa, "Kawu, an sayar min da lalatacce." Na tambaye shi ko akwai wani mai hoto a ciki. Akwai, dangin ango sun zo da nasu, shi ma da tiriga irin tasa. Dukansu suna tasha ta 1, wadda kaya ke zuwa a kai daga kwali. Duk lokacin da wancan ya danna, filas ɗin ɗanmu ke amsawa. Tasha 32 ce a jikin na'urar, ya koma ta 17 a tiriga da filas, magana ta ƙare. Na so a ce na tuna na gaya masa wannan tun a gida, domin ya rasa shigowar ƙawayen amarya a kan abin da bai kai minti ɗaya ba wajen gyara.

Daga nan aiki ya miƙe. Da aka fito da amarya lulluɓe, ƙawaye suka kewaye ta, gwaggonnin ango suka zo ana ta ja-in-ja a kan kuɗin kamu, ana dariya ana guɗa. A nan amfanin ƙanwarsa ya fito fili. Shi namiji ne, akwai iyakar inda zai kutsa cikin matan mutane. Ita kuwa tana shiga ko'ina, ta ce "Gwaggo, ɗan matsa nan," ko "Anti, gyalenki ya zame," ba wanda zai ji wani abu. Wani abin da ban yi tsammani ba kuma: da yake laimar fara ce babba kowa yana ganinta, matan da ba sa son a ɗauke su hoto sun san inda za su kauce wa. Wata matar aure ta gaya wa yarinyar cewa ta fi samun natsuwa da wannan a kan mai hoton da ke yawo yana harba wuta ta ko'ina. Ina ganin wannan babban abu ne a gidajenmu, kuma ya kamata masu sana'ar su riƙa lura da shi.

Hoton da ya fi kowanne a aikin nan ya zo ne lokacin fesa turare. Tun muna gwaji na nuna masa cewa hayaƙi da feshi ba sa fitowa sai haske ya zo ta bayansu. Da ya ga babbar gwaggon ango ta ɗaga kwalba, sai ya yi wa ƙanwarsa alama ta zagaya da fitilar bayan amarya ta gefen dama, yadda laimar ba za ta shiga hoto ba. Feshin turaren ya fito kamar ƙurar zinariya a saman mayafin, hayaƙin turaren wuta daga kasko ya miƙe a gefe, gefen fuskar gwaggon da hannunta suka sami siririn zanen haske. Gaban amarya hasken yamma ne kawai ya riƙe shi, ya ɗan yi duhu, amma mayafi ne a wurin ba fuska ba, bai ɓata komai ba. Da filas yana kan kyamara, wannan feshin ko dai ba za a gan shi ba, ko ya zama farin hazo a gaban gilashi.

Da aka buɗe fuska ya dawo da fitila gaba, ya matso da ita har ta ɗan fi ƙulli kusa, ya rage ƙarfi. Mai kwalliyar ta yi amfani da hoda irin waccan, mun tambaya tun kafin ranar. Amma da yake hasken ta gefe ya zo, kuma daga abu mai faɗi, abin da hodar ta mayar bai nufi gilashi kai-tsaye ba. Fuska da wuya suka fito launi ɗaya. Wajen lalle ya saukar da laimar daidai hannuwa, ta gefe sosai, zanen ya fito dalla-dalla, awarwaron gwal ya yi sheƙi ba tare da ya ƙone ya zama fari ba. Duwatsun leshi ma haka.

Rana tana faɗuwa a Kano wajen ƙarfe shida a wannan lokaci na shekara, kuma rabin awan ƙarshe haske gudu yake yi. Hotunan sun nuna yadda ya bi shi: shota ta sauko 1/100, sannan 1/60, don bango kada ya mutu. Da hakan bai isa ba ya ɗaga ISO zuwa 400, ya tuna cewa wannan ya ninka filas ma, ya mayar da shi 1/16. Wannan gyaran, da ya yi shi a tsakiyar hayaniya ba tare da ya fito ya tambaye ni ba, shi ya tabbatar min darasin ya zauna.

Bayan magariba aka tayar da janareto, ƙwayayen tsakar gida suka kama, kuma a nan ya yi kuskuren da ba mu iya gyarawa duka ba. Hasken filas fari ne irin na tsakar rana, wajen 5600 a ma'aunin Kelvin. Ƙwayayen gidan masu ruwan ɗorawa ne, irin wannan haske yana wajen 3000. Fuskoki suka fito daidai, bango da duk wanda filas bai kai gare shi ba suka yi jajaja. Maganin sananne ne, 'yar leda mai ruwan lemo da ake mannawa a bakin filas don launinsa ya dace da na ƙwai, sannan a daidaita kyamara a kan wannan launi. Ba mu saya ba, ban kawo za a kai dare ba. Ya rage jan a kwamfuta gwargwadon iko, amma mai ido zai gani.

Hoton dangi shi ne na ƙarshe, mata wajen ashirin a layi uku. Ya ja fitila baya mita huɗu, ya ɗaga ta iya tsayin sitan, ya kawo ta kusa da inda yake tsaye don kada inuwar wata ta faɗa fuskar wata. Ya rufe gilashi zuwa f/5.6 don layukan su fito tar, ISO 800, ƙarfi 1/2. A wannan ƙarfi filas yana ɗaukar lokaci kafin ya cika, batir kuma sun fara gajiya. Ya danna sau uku a jere kamar yadda ya saba, na farko ne kawai ya sami haske, a cikinsa kuma mutum biyu sun rufe ido. Ya canza batir, ya roƙi Hajiyoyi su ƙara haƙuri, ya riƙa jiran ƙaramar fitilar da ke bayan filas ta kama kafin kowane bugu. Na huɗu ya yi.

Bayan an kai aiki

Hoto 340 ya ɗauka, ya zaɓi 90. Mahaifiyar wannan amaryar ta karɓa, ta kuma sa a faɗaɗa mata biyu, na turare da wanda 'yarta ke kallon ƙasa bayan buɗe fuska. Wata ƙanwar mahaifiyar ce ta kira shi daga baya ta ce hotunan sun yi kyau, amma da ya ɗan "ƙara wa amarya haske". Duk mai wannan sana'a ya san abin da ake nufi, a mayar da ita fara. Ya zo ya tambaye ni. Na ce ra'ayina shi ne kada ya yi, domin duk wahalar da muka sha ta mako shida a kan fuskar yarinya ta fito yadda take ne, kuma albam ɗin farko an dawo da shi ne saboda uwa ba ta gane 'yarta ba. Amma aikinsa ne, abokan cinikinsa ne. Ya tura wa amaryar hoto ɗaya iri biyu ta WhatsApp ya ce ta zaɓa. Ta zaɓi wanda ba a taɓa ba.

Ita kuwa Hajiyar farko, ya koma gidanta da kansa ya ba ta haƙuri, ya roƙa a ba shi dama ya ɗauki amaryar da angonta a gidansu kyauta. Sun yarda, ya je da laimarsa da ƙanwarsa wata Lahadi da yamma. Ba zai maye ranar biki ba, amma yanzu akwai hoto a falon da uwar ta amince da shi.

Ledar launi ya riga ya saya, tana cikin jaka tare da igiya. Abin da ke gabansa yanzu ɗaurin aure ne bayan sallar Juma'a, ƙarfe biyu na rana a ƙofar masallaci, maza cikin farar shadda, hula tana jefa inuwa a kan idanu. A irin wannan rana, da ISO 100 da shota 1/200, gilashi sai ya rufe zuwa wajen f/11, kuma ƙaramin filas ta cikin laima ba zai iya ja da wannan ba. Mun fara gwaji a bayan shago: a cire laima, filas tsirara a cikakken ƙarfi, mita biyu daga mutum, rana a bayansa. Inuwar tana fitowa da kaifi fiye da yadda nake so, kuma bayan bugu da yawa a jere filas ɗin yana zafi ya rage sauri. Jibi za mu gwada jawo ango da abokansa ƙarƙashin inuwar bishiya mu mayar da laimar, mu ga ko mutane za su yarda su taka waɗannan 'yan matakai a cikin cunkoson gaisuwa.